Karaya a Bakin Aiki: Nazarin Ƙarar da Wata Sajan 'Yan Sanda Ta Shigar a Fulorida

Lamarin ya faru ne a wani ƙaramin gari da ke gefen birnin Orlando, a jihar Fulorida ta Amurka, kuma daga farkonsa zuwa ƙarshensa bai cika shekara guda ba. Mutanen da ke cikinsa kaɗan ne: wata sajan 'yan sanda da ta shekara 12 tana aiki, yaro ɗan shekara ɗaya, mahaifiyarsa, kakanninsa biyu, lauya guda, sai shugaban 'yan sandan garin. Ba za a kama sunan kowa ba. Abin da za a bi shi ne hanyar da karayar gwiwa ta bi har ta zama ƙara a kotu, da kuma abin da ya kashe ƙarar tun alƙali bai buɗe takardunta ba.

## Kafin 2007: ƙofar da majalisa ta buɗe

Kotunan Amurka sun daɗe da wata ƙa'ida da ake kira ƙa'idar ɗan kwana-kwana. Ana danganta tushenta da wani hukunci na kotun ƙolin jihar Illinois a 1892. Abin da take cewa shi ne, wanda sana'arsa ita ce tunkarar haɗari, kuma ake biyan sa albashi a kan haka, ba zai juyo ya nemi diyya daga mutumin da sakacinsa ya jawo haɗarin ba. Da 'yan kwana-kwana aka fara, daga baya kotuna suka shigar da 'yan sanda cikinta.

A 1960 kotun ƙolin New Jersey ta shimfiɗa dalilin ƙa'idar a fili. Yawancin gobara akwai sakacin wani a bayanta. In aka ce duk wanda sakacinsa ya sa aka kira ɗauki shi zai biya raunin wanda ya zo, to an ɗora wa mutum guda kayan da ya kamata gari ya raba ta hanyar haraji, albashi da kuɗin jinya. Wasu kotunan sun ƙara wani dalili: mutumin da ya san kiran ɗauki na iya jawo masa sammaci zai tsaya yana lissafi a lokacin da wuta ke cin rufin ɗakinsa.

Masu sanye da kaki ba su taɓa son wannan ƙa'ida ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Mai kawo wasiƙa ko mai karanta mita, in ya faɗa ramin da mai gida ya bari a buɗe, yana iya kai ƙara ya sami diyya. Don me wanda ya shigo ceton rai zai zama shi kaɗai ne aka rufe wa ƙofar kotu? A 1990 majalisar dokokin Fulorida ta soke ƙa'idar. Sashe na 112.182 na dokokin jihar ya ce ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana da ya shiga gidan mutum bisa doka, a bakin aikinsa, matsayinsa ɗaya da baƙon da aka gayyata. Mai gida zai ɗauki alhaki in ya yi sakaci wajen kiyaye gidansa daga abin da zai cutar, ko ya ƙi gyara wani haɗari da ya sani ko ya kamata ya sani, ko ya ƙi gargaɗi a kan haɗarin da ya fi mai shigowa saninsa.

Akwai wata dokar da ta taɓa lamarin ta gefe. Fulorida ƙasar zafi ce, gidaje da yawa suna da tafkin ninkaya a farfajiya, kuma jihar ta daɗe a sahun gaba wajen nutsewar yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Shi ya sa daga Oktoban 2000 aka wajabta wa duk sabon tafkin gida aƙalla kariya guda: shinge mai tsayin ƙafa huɗu, ko murfi, ko ƙararrawa a ƙofofi da tagogin da ke fuskantar ruwan, ko ƙofa mai rufe kanta. Dokar sabbin tafkuna ta shafa. Amma ta sa kowane lauya a jihar ya san cewa in yaro ya faɗa tafki, tambayar farko da za a yi ita ce ina shinge.

## 9 ga Janairu 2007

Ranar Talata ce. Gida ne da mahaifiyar yaron ke zaune tare da kakanninsa, sai dai a wannan lokacin, bisa rahoton 'yan sanda, ita kaɗai ce babba a gidan. Yaron ya sulale ya fita farfajiya, ya faɗa tafkin. Uwar ta faɗa ruwan ta ciro shi, ba ya numfashi. Ta sungumo shi ta shigo cikin gida, ta bi ta lungun da ke tsakanin ɗakuna har ɗakin kwana, ta kira 911, lambar da ake bugawa a Amurka in ana neman 'yan sanda ko motar asibiti ko 'yan kwana-kwana. Ita a jiƙe, yaron a jiƙe sharkaf, duk inda ta bi ruwa ya ɗiga.

Sajan ta iso bayan 'yan mintoci. Tana sa ƙafa a ɗakin da masu ceto ke ƙoƙarin farfaɗo da yaron sai santsi ya kwashe ta. Yadda kakan yaron ya ba da labari daga baya, ta faɗi a kan gwiwa ɗaya, sannan ta miƙe. A ranar ta je wurin jinyar gaggawa, daga bisani ta ga likitan ƙashi. Gwiwar ta karye.

Masu ceto sun dawo da numfashin yaron. Amma ƙwaƙwalwar ɗan Adam kan fara lalacewa in ta yi minti huɗu zuwa shida babu iska, kuma tasa ta riga ta taɓu sosai. Ya tashi ba tafiya, ba magana, ko haɗiyar yawu ba ya iyawa. Aka kai shi gidan jinya inda ake kula da shi dare da rana, bututu ɗaya na numfashi, ɗaya na abinci.

## Janairu zuwa Maris 2007: abin da inshorar aiki ta biya

Sajan ta yi wata biyu ba ta zuwa aiki. A wannan lokacin kamfanin inshorar da hukumar garin ta ɗauka don ma'aikatanta ya biya kuɗin asibiti, ya kuma riƙa ba ta kuɗin zaman jinya. Shugaban 'yan sandan garin da kansa ya tabbatar da haka. Wannan shi ne matakin farko da aka bi, kuma ya yi aikin da aka tsara shi ya yi: ta yi jinya, ta koma bakin aiki.

Yana da kyau a tsaya a kan wannan tsari, don a cikinsa irin ƙarar ya tsiro. Inshorar raunin aiki a Amurka ciniki ne tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi. Ma'aikaci zai sami jinya da wani kaso na albashi ba tare da an tambayi laifin wa ba, ko da shi ne bai duba gabansa ba. Shi kuma ya yafe damar kai uban gidansa kotu. A Fulorida ƙa'idar gama-gari ita ce kashi biyu cikin uku na matsakaicin abin da mutum ke samu a mako, muddin ba ya iya aiki. Dokar ta keɓe ɗan sandan da aka raunata da gangan ko da mugunta, shi ana ba shi cikakken albashi. Wanda ya zame a kan ruwa ba ya cikin wannan rukuni.

Abin da tsarin ba ya biya shi ne ciwon kansa. Daren da mutum ya kwana gwiwa na zugi, hawan bene da ya zama aiki, sanyin ƙashin da zai iya biyo baya bayan shekara goma, duk ba su da farashi a wannan inshora. Wanda yake son kuɗin waɗannan, hanya ɗaya ce doka ta bar masa: ya nemo wani na uku, wanda ba uban gidansa ba, ya ce shi ne sanadi. Sashe na 440.39 ya yarda da haka, har ya ba kamfanin inshorar aikin damar karɓar nasa kason daga abin da aka samo. Wato tsarin da kansa yana nuna wa mai rauni gidan da ya faɗi a cikinsa.

## Farkon Oktoba 2007: ƙara

Kusan wata tara bayan faɗuwar, lauyan sajan ya shigar da ƙara. Mutum uku aka sa a takarda: kakan yaron, kakarsa da mahaifiyarsa. Zargin shi ne sakaci, cewa sun bar ruwa kwance a ƙasa har gidan ya zama wurin haɗari ga mai shigowa. Ba a faɗi adadin kuɗin da ake nema ba.

Ta fuskar lokaci ba a makara ba, don a wancan zamanin shekara huɗu doka ta ba mai ƙarar sakaci a jihar. Ta fuskar kuɗi ma shigar da irin wannan ƙara ba ya cin aljihun mai ita. Lauyoyin rauni a Amurka ba sa karɓar komai a farko, sai an ci nasara su ɗauki kasonsu, wanda a Fulorida yakan kama daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin ɗari. Kuma a al'adar sana'ar, idon lauya a kan inshorar gida yake. Yawancin masu gida a can suna da inshorar da ke biyan diyya in wani ya ji rauni a harabarsu, kuma galibin irin waɗannan ƙararraki a tebur ake kashe su, kamfani ya biya wani abu, kowa ya kama gabansa, ba jarida ba alƙali. A wurin lauya wannan takarda ce daga ofis zuwa ofis.

A wurin iyalin ba haka abin yake ba. Sunan kamfani ba ya fitowa a sammaci, nasu ne ke fitowa. Mutanen da suka shafe wata tara suna zirga-zirga zuwa gidan jinya sai ga takardar kotu tana cewa sun yi sakaci a ranar da ba sa son tunawa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

## 10 ga Oktoba 2007: labari ya fita

Ranar Laraba jaridar Orlando Sentinel ta buga labarin. Sajan ba ta yi magana ba. Kakan yaron ya yi, kuma maganarsa gajera ce: bayan wannan rashi da suka yi, kuɗi take nema? Ai dole a sami ruwa a cikin gida, tunda yaron a jiƙe aka shigo da shi.

Lauyan ma ya yi magana, kuma a nan lamarin ya juya. Ya ce abin da inshorar aiki ta biya bai isa ba, gwiwar na ci gaba da ciwo, kuma akwai yiwuwar sanyin ƙashi ya kama ta nan gaba. Da ya tsaya a nan, da wataƙila mutane sun yi tsaki sun wuce. Sai ya zarce. Ya ce da iyalin sun killace tafkinsu yadda yaro ba zai isa gare shi ba, da ba a kira 'yan sanda ba, da ba a sami ruwa a ƙasa ba, da sajan ba ta faɗi ba. Ya ƙara da cewa su suka jawo wa kansu matsalar, sannan suka koma suna nuna kansu a matsayin waɗanda aka cuta.

Hujjar tasa ba daga iska ya ɗauko ta ba. Tun 1921 babbar kotun jihar New York, a wani hukunci da alƙali Benjamin Cardozo ya rubuta, ta kafa cewa haɗari shi ke kiran mai ceto, don haka wanda sakacinsa ya jefa wani cikin haɗari yana iya ɗaukar alhakin raunin wanda ya zo cetonsa. Ƙa'idar ɗan kwana-kwana ita ce katangar da ke hana masu ceto na albashi cin moriyar wannan hukunci. A Fulorida an rushe katangar shekara 17 kafin nan. Abin da lauyan ya faɗa wa ɗan jarida shi ne abin da zai faɗa wa alƙali, da kalmomin da suka fi waɗannan laushi. Sai dai mai karanta jarida abin da ya ji shi ne, an tsaya a kan gadon yaron da ke numfashi ta bututu ana ce wa uwarsa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Cikin sa'o'i labarin ya bazu a gidajen talabijin da intanet a faɗin Amurka. Kira da saƙonnin fushi suka riƙa kwarara ofishin 'yan sandan garin. Jaridar ta ruwaito cewa fayil ɗin sajan a wurin aiki cike yake da yabo, amma ba wanda ya tsaya karanta wannan layin.

## Wannan makon: janyewa

Kafin mako ya ƙare an janye ƙarar. Shugaban 'yan sanda ya dakatar da sajan daga aiki, aka buɗe bincike na cikin gida.

A tsarin kotunan Fulorida mai ƙara na iya janye ƙararsa da takarda guda, ba sai ya nemi izinin alƙali ba, muddin shari'a ba ta yi nisa ba. Saboda haka babu zaman da aka yi, babu shaidar da aka saurara, babu hukunci. Jihar tana da dokarta ta maganin ƙarar da ba ta da tushe, sashe na 57.105. In kotu ta ga mai ƙara ko lauyansa sun san, ko ya kamata su san, cewa ƙararsu ba ta da madogara a hujja ko a doka, tana iya sa su biya kuɗin lauyan ɗaya ɓangaren, su raba biyu. Amma sai an ba su kwana 21 su janye tukuna. Ba a kai ga wannan ba. Duk da sunan ƙarar banza da aka yi ta kiran ta da shi a ko'ina, babu kotun da ta taɓa kiran ta haka.

## Disamba 2007: sallama

A watan Disamba shugaban 'yan sanda ya sallame ta. Babban dalilin da aka bayar shi ne ta zubar da mutuncin rundunar a idon jama'a. Ta fita daga lamarin ba diyya ba aiki, ga gwiwar da ke ciwo. Iyalin ba su biya ko sisi ba, kuma a lokacin yaronsu yana nan a gidan jinya yadda yake.

## 2012 zuwa 2013: irinsa a Ingila

Shekara biyar bayan haka aka ga kusan irin wannan a garin Thetford na yankin Norfolk. A watan Agustan 2012 mai wani gidan mai ya kira 'yan sanda da dare saboda yana zargin ɓarayi sun shiga masa. 'Yar sandan da ta zo ta yi tuntuɓe da dakalin gefen hanya ta ji rauni. A 2013 takardar lauyoyinta ta iso masa, ana cewa bai haskaka wurin yadda ya kamata ba, bai kuma gargaɗe ta ba. Jaridu suka ɗauka, shugaban 'yan sandan yankin ya nisanta rundunarsa daga neman diyyar, ministar cikin gida ta lokacin, Theresa May, ta sa baki, kuma kafin shekarar ta ƙare an janye. A Ingila ma doka ba ta hana ba. Tun 1987 kotun ƙoli ta lokacin ta ƙi karɓar ƙa'idar Amurkawa, a shari'ar wani ɗan kwana-kwana da tururi ya ƙona yayin kashe wutar da mai gida ya tayar garin ƙona tsohon fenti. Ƙasa daban, doka daban, amma abin da ya tsayar da ƙarar iri ɗaya ne.

## Abin da nake gani

Na fara da abin da ke gefen sajan, don ba a cika faɗin sa ba. Rauninta na gaskiya ne. Ba ta ƙirƙiri karaya ba, kuma ta same ta ne a hanyar zuwa ceton ɗan wani. Dokar jiharta ta ba ta damar ƙara da baƙin rubutu a farar takarda, majalisa ce ta ba ta, ba ta sata ba. Wanda ya ce ba ta da hurumin zuwa kotu bai karanta dokar ba.

Samun hurumin shiga kotu daban, samun abin faɗa a ciki daban. In aka ɗora abin da ya faru a kan sharuɗɗa ukun nan na sashe na 112.182, ƙarar ba ta da ƙafar tsayawa sosai. Sakaci a doka ana auna shi ne da abin da mai hankali zai yi a irin halin da ake ciki. Wace uwa ce, ita kaɗai a gida, ɗanta ba ya numfashi, za ta ajiye shi ta ɗauko tsumma? Ruwan bai yi sa'a guda a ƙasa ba, mintoci ya yi. Batun gargaɗi kuwa ya rataya ne a kan mai gida ya fi mai shigowa sanin haɗarin, alhali wadda ta zo kiran yaron da aka ciro daga tafki ta isa ta san za ta taka ruwa. Bugu da ƙari, a wancan lokacin Fulorida na raba laifi kashi-kashi, a rage wa mai ƙara diyya gwargwadon nasa sakacin. Masu taya alƙali yanke hukunci mutanen gari ne, masu 'ya'ya da jikoki. Ina ganin da an je gabansu da abin da za ta samu bai taka kara ya karya ba. Na fi zaton lauyan ma ya ga wannan rauni, shi ya sa ya bar maganar ruwan ƙasa ya koma maganar shingen tafki.

A nan ne nake ganin kuskuren ya fi girma, kuma ya wuce kuskuren iya magana. Kowa a lamarin nan da alhaki yake magana. Lauya ya ce iyalin su ɗauki alhakin tafkinsu. Jama'a suka ce sajan ta ɗauki alhakin takunta da na aikin da ta zaɓa. Kalma ɗaya ce, kowa ya juya ta ta fuskanci ɗan'uwansa. Amma akwai bambanci tsakanin biyun. In ma an yi sakaci a kan tafkin, wanda aka yi wa shi ne yaron, kuma iyalin sun riga sun biya da abin da babu kotun da za ta iya yanke musu. Ita kuwa sajan, zuwa gidan da abu ya lalace shi ne aikin nata. Ba a kiran 'yan sanda gidan da komai ke daidai. Kusan kowane kira akwai wanda ya bar ƙofa a buɗe, ko ya sha ya yi tuƙi, ko ya ɗauke ido daga kan yaro na minti biyu. In wannan sakacin na farko ya zama abin biya, to kowane kira bashi ne. Abin da alƙalan New Jersey suka hango ke nan a 1960, kuma ina ganin sun fi majalisar Fulorida gaskiya a wannan gaɓar. Inda majalisar ta yi daidai shi ne a kan haɗarin da ba shi ya kawo mai ceto ba: matakalar da ta ruɓe shekara da shekaru, rijiyar da aka rufe da tabarma, karen da mai gida ya san yana cizo ya yi shiru. Wannan kam a biya. Ruwan da ya ɗiga daga jikin yaron da aka zo ceta ba ya cikinsu.

Me ya yi aiki? Inshorar aiki ta yi nata, iya inda aka tsaga mata. Ƙarar ta faɗi. Abin da ya kayar da ita kunya ce, wadda jarida ta ɗauko ta shimfiɗa a kasuwa. Mu da muka taso inda wanda ya ji ciwo garin taimako sannu ake yi masa, a bi shi gida da dubiya, za mu ga wannan sakamako daidai ne, har mu ce garin neman gira ta rasa ido. Ni dai ban natsu da shi ba. Fushin jama'a ba ya da ma'auni. Ya zo wa wannan iyali ne saboda akwai jariri a labarin, akwai kuma lauyan da bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Da dattijo ne ya faɗi a banɗaki ruwa ya malalo, da lauyan ya ce ba zai yi magana ba shari'a na gaban kotu, da ba wanda zai ji, kamfani zai biya, kuɗin inshorar gidan ya hau. Haka kuma fushin bai san inda zai tsaya ba. Ya hana ƙarar cikin kwanaki, wanda ya isa, sannan ya zarce ya cinye aikin shekara 12. Lauyan da ya tsara ƙarar, ya kuma furta maganar da ta kunna wutar, shugaban 'yan sanda ba shi da iko a kansa.

Akwai kuma wanda ya fita salin-alin daga lamarin, wato tsarin da ya aike ta gidan. Da biyan raunin aiki yana rufe abin da ɗan sanda ya rasa da gaske, har da lalurar da za ta biyo baya, da dalilin waiwayar gidan da aka faɗi ya ragu ƙwarai. An bar giɓi a biyan, aka buɗe ƙofar gidan mai kira a matsayin hanyar cike shi, sannan da wata ta bi ta ƙofar aka kore ta don ta bi. Wannan bai wanke ta ba. Wata tara ta samu na tunani, ta kuma ga yaron da idonta a ranar, kuma sa hannu a ƙara zaɓi ne da babu tsarin da ya tilasta mata. Amma hukumar da ke cewa ma'aikacinta kada ya kai ƙarar wanda ya kira ɗauki, ita ya kamata ta fara tabbatar masa cewa gwiwarsa a wuyanta take har tsufa.

A 2023 Fulorida ta yi wa dokokin diyya gyara babba. An rage wa'adin ƙarar sakaci daga shekara huɗu zuwa biyu, kuma mai ƙarar da laifinsa ya haura rabi ba ya samun komai. Sashe na 112.182 yana nan a littafin dokokin jihar, ɗan sandan da ya zame a gidan da aka kira shi har yau baƙo ne da aka gayyata.